Yadda Ake Binciken Digiri na Biyu da na Uku a Kan Tunanin Siyasa na Malaman Jihadin Sakkwato

Kowace shekara ana rubuta kundaye a jami'o'inmu a kan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma da yawansu turba ɗaya suke bi: babi a kan haihuwa da nasaba, babi a kan malaman da suka karantar da shi, babi a kan yaƙe-yaƙe, sai babin ƙarshe mai cewa da shugabannin yau za su yi koyi da magabata da an zauna lafiya. Wannan tarihin rayuwa ne da aka haɗa da wa'azi, kuma kowannensu yana da muhallinsa. Binciken falsafar siyasa aikinsa shi ne ya gano wace tambaya malamin yake amsawa, da wace hujja, da wa yake jayayya, sannan ya auna ko hujjar ta tsaya da ƙafarta. Waɗannan malamai sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce cike da muhawara a kan halascin mulki, haraji, tawaye da iyakar biyayya, don haka sun cancanci a karanta su da irin nutsuwar da ake karanta Aflatun ko Ibn Khaldun.

Sashe da mai duba aiki

Tsofaffin sassan falsafa na Nijeriya a kudu suke, kamar Ibadan, Nsukka, Legas da Ife. A arewa irin wannan aiki ya fi samun gida a sashen Kimiyyar Siyasa, ko Tarihi, ko Nazarin Addinin Musulunci, ko Larabci. Zaɓen sashe yana canza kundin gaba ɗaya. Sashen Larabci zai fi son tahƙiƙin matani, wato gwada kwafe-kwafen littafi don fitar da ingantaccen nassinsa, da nazarin harshe. Sashen Tarihi zai tambaye ka shaida da kwanan wata. Sashen Kimiyyar Siyasa zai nemi ra'in bincike da alaƙa da zamani. Kafin ka sayi fom, je ɗakin karatu na sashen ka buɗe kundaye biyar ko shida na baya-bayan nan, ka ga irin aikin da ke wucewa a wurinsu.

Sharuɗɗan shiga suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Galibi ana neman digiri na farko mai daraja ta biyu da takardar bautar ƙasa ga mai neman digiri na biyu, da sakamako mai kyau na digiri na biyu ga mai neman na uku. Littafin ƙa'idoji na makarantar karatun gaba da digiri shi ne hukunci, ka same shi ka karanta tun ranar farko. Ma'aikatan manyan makarantun gwamnati su tambayi ofishin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na makarantarsu a kan tallafin ƙaro karatu tun kafin su yi rajista.

Game da masu duba aiki, abu ɗaya ne ba a sassauta shi: dole a cikin kwamitinka a samu wanda ke karanta Larabcin fiƙihu. Idan babban mai dubawa masanin siyasa ne da ba ya Larabci, nemi a ɗauko na biyu daga sashen Larabci ko na Addinin Musulunci. In ba haka ba, babu wanda zai kama kuskuren fassararka sai mai jarrabawa na waje, ranar da gyara ya yi tsada.

Daga fage zuwa tambaya

"Tunanin siyasa na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo" fage ne, kuma ya fi ƙarfin kundi ɗaya. Shehu ya rayu daga 1754 zuwa 1817, kuma abin da ya rubuta yana mai wa'azi a Ɗegel ya bambanta da abin da ya rubuta bayan hijira zuwa Gudu a 1804, wanda shi ma ya bambanta da na zamansa a Sifawa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, lokacin da mulki ya riga ya shigo hannun jama'arsa. Ana taƙaita fage da abubuwa uku: marubuci ɗaya ko biyu, matani ƙididdigaggu, da matsala guda.

Hanya mafi sauƙi ta samun matsala ita ce neman wurin da malaman suka saɓa wa juna, domin a nan ne kowa ya fito da hujjarsa fili. Ga wurare huɗu da ke da matanin da za su ɗauki kundi.

Na farko, saɓanin Shehu da Malam Abdullahi bayan nasara, a kan laƙabin sarauta irin su malik da sulɗan, da kaɗa ganguna, da sa tufafin ado. Malam Abdullahi ya fi tsanantawa, Shehu kuma ya nemi sauƙaƙa wa jama'a ta hanyar buɗe ƙofar saɓanin malamai. Ana bin wannan a Najm al-Ikhwan na Shehu da Diya' al-Sultan na Malam Abdullahi. Tambayar falsafa da ke ƙarƙashinsa babba ce: wane abu na tsohon tsari sabuwar gwamnati za ta iya gada ba tare da ta zama abin da ta yaƙa ba?

Na biyu, wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadi, waɗanda Bello ya kawo a Infaq al-Maisur na 1812. Na uku, tawayen Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, a farkon mulkin Bello a 1817, wanda Bello ya ba da labarinsa a Sard al-Kalam. A nan tambayar ita ce yaushe zaluncin masu mulki ke warware mubaya'a. Na huɗu, nasihohin Bello ga sarakunan da ke ƙarƙashinsa, musamman Usul al-Siyasa da ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina, inda ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da maƙera da marina da mahauta, da gina kasuwanni da hanyoyi.

Mai son falsafa zalla ya duba Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda ya rasu a 1864 kuma ya yi rubutu a kan hikima da tasawwufi da tarihi. Har yanzu ba a yi masa aikin da ya kai girman rubutunsa ba.

Gwajin tambaya mai kyau shi ne: za ka iya rubuta ta a jimla ɗaya mai ƙarewa da alamar tambaya, kuma masana biyu masu hankali za su iya ba ta amsa mabambanta? Idan kowa ya riga ya san amsar, kamar "shin Shehu ya yi kira ga adalci?", babu abin bincike. Ga digiri na biyu, matani biyu zuwa huɗu sun isa. Ga digiri na uku ana iya kai takwas ko goma, muddin zare ɗaya ya ɗinke su.

Harshe

Littattafan siyasa na waɗannan malamai da Larabci suke, waƙoƙinsu kuma akwai na Larabci, na Fulfulde da na Hausa. Wanda ya yi karatun zaure ya sauke Risala, ya taɓa Mukhtasar na Khalil, yana da babban jari, domin yaren waɗannan littattafai ke nan. Wanda Larabcinsa na jarida ne, ko babu shi sam, ya ware watanni shida zuwa shekara yana ɗaukar karatun matanin a gaban malami, layi bayan layi, kamar yadda ake yi a zaure. A yi wannan tun lokacin darussan aji na zangon farko.

Fassarori suna taimako amma ba a kafa hujja a kansu. Littafin Arnett na 1922 a kan Infaq al-Maisur, wanda ɗalibai da yawa ke dogara da shi saboda sauƙin samu, taƙaitawa ce da sake zubi a wurare da dama. Akwai bugun Larabci na Whitting na 1951 da bugun Rabat na 1996. Hiskett ya buga Kitab al-Farq da fassara a 1960, da Tazyin al-Waraqat a 1963. El-Masri ya yi tahƙiƙin Bayan Wujub al-Hijra a 1978. Waɗannan suna zuwa da matanin Larabci a gefe, ka karanta Larabcin, sannan ka duba fassarar don ka ga inda kuka saɓa.

Tattara matani

Fara da juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa da John Hunwick ya tsara, wanda ya fito a 1995. Yana jera rubuce-rubucen kowane malami, inda kwafe-kwafensu suke, lambar ajiyarsu, da ko an buga su. Daga nan ka fitar da jadawalinka: sunan littafi, shekarar rubutawa idan an sani, wuraren ajiya, bugun da ake da shi.

Manyan wuraren ajiya su ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, tarin Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, na Jami'ar Ibadan, gidan tarihi na Jos, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH a Yamai. Ka tafi da takardar gabatarwa daga shugaban sashenka, kwafi fiye da ɗaya, ka kuma tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka fito da waya. Idan an ba da izini, fara kowane littafi da hoton lambar ajiyarsa, ka ɗauki kowace warƙa gaba da baya har da gefenta, kuma ka lissafa hotunan kafin ka mayar da littafin. A daren ranar ka zuba su a wuri uku: kwamfuta, filashi, da ma'ajiyar intanet.

Rubuce-rubucen hannu na ƙasar nan ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin bango na fata ko kwali, don haka sukan hautsine. A ƙasan bayan kowace warƙa marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa. Bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Inda kalmar ba ta dace da kan warƙa ta gaba ba, ko dai an jirkita tsari ko wata warƙa ta ɓace. Ɗalibin da bai yi wannan ba zai iya gina babi guda a kan "sauyin ra'ayi" na malami, alhali warƙa biyu ce ta faɗi daga tsakiya.

Rubutun Magaribi ne, irin na allo: fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuya ba, wanda ya saba da bugun Misra kawai zai buƙaci mako biyu ko uku kafin idonsa ya saba. Ga kowane matani da ba a yi masa tahƙiƙi ba, nemi aƙalla kwafi uku daga wurare daban-daban. Zaɓi mafi cika da tsafta ya zama asali, ka rubuta saɓanin sauran a ƙasan shafi. Bugun kasuwa da ake sayarwa a Kurmi ko bakin masallaci yana da amfani wajen karatun farko, amma sau da yawa ba ya faɗin kwafin da aka ɗauko shi, kuma kuskuren mai kwafa yana shiga cikinsa ba tare da alama ba.

Kwanan wata yana buƙatar kulawa ta musamman. A ƙarshen littafi, wajen tammat, kan zo da shekara, amma sai ka tantance ko shekarar da mawallafi ya gama ce ko wadda mai kwafa ya gama. Sau da yawa ana rubuta ta da ramzi, wato da haruffa, kuma lissafin haruffan na Magaribi ne: shin 1000 ce, ra 200, kaf 20, alif 1, don haka waɗannan huɗu a jere suna nufin 1221. A lissafin gabas shin 300 ce, wanda ya yi aiki da shi zai ɓata da ƙarni bakwai. Don juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya a gurguje, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, sannan ka tabbatar da jadawali, domin shekarar Hijira ɗaya takan ratsa biyu na Miladiyya. Shekarar 1221 ta fara a Maris 1806 ta ƙare a Maris 1807. Shi ya sa ake rubuta 1221/1806-7 idan ba a san watan ba.

Karatun da ke fitar da kundi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan kundaye ke rauni. Malaman wannan zamani suna rubutu ne ta hanyar naƙali. Babi guda zai iya zama kashi mafi yawa maganar wasu: Mawardi, Turtushi mai Siraj al-Muluk, Ibn Farhun mai Tabsirat al-Hukkam, Ibn Juzayy, da Maghili wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko jimla mai daɗi a ce "Shehu ya ce", alhali Shehu ya naƙalto ta ne daga Turtushi, malamin Andalus da ya rasu a 1126. Kishiyar wannan kuskure shi ne a ce tunda naƙali ne, babu tunani a ciki. Tunanin yana cikin abin da aka zaɓa, abin da aka bari, yadda aka jera, da ƙasar da aka ɗora hukuncin a kanta.

Yadda ake yi: buga matanin a takarda da fili a gefe. Ɗauki alƙaluma masu launi uku. Launi ɗaya ga aya da hadisi, ɗaya ga naƙali daga malamai, ɗaya ga maganar mawallafi. Naƙali yakan fara da "ƙala", wato ya ce, da sunan littafi, ya ƙare da "intaha", wato ya ƙare. Maganar mawallafi takan fara da "ƙultu", wato na ce. Duk inda ka ga "ƙultu" ka tsaya ka kwafe shi a littafi na daban, domin a nan malamin ke magana da bakinsa. Daga nan ka nemo littafin da aka naƙalto ka ajiye su gefe da gefe. Shin ya kawo maganar duka ko ya yanke? Idan asalin ya kawo ra'ayi uku shi kuma ya ɗauki ɗaya, me ya sa? Wannan aiki yana cin lokaci, shafi uku ko huɗu a yini ba jinkiri ba ne, amma shi ne ke ba ka abin da babu wanda ya faɗa kafin kai.

Mataki na biyu shi ne sake gina hujja. Rubuta matsayar malamin a jimla ɗaya, sannan ka jera muƙaddimomin da ta dogara a kansu, har da waɗanda bai furta ba. Ɗauki muhawarar Borno. Hujjar al-Kanemi ita ce: abubuwan da ake zargin mutanen Borno da su, kamar cin hanci, zaluncin alƙalai da fitar mata ba lulluɓi, saɓo ne, saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, irin waɗannan suna faruwa har a Misra ba a kuma kafirta mutanenta ba, saboda haka yaƙar Borno ba jihadi ba ne. Ɓangaren Sakkwato bai musanta cewa saɓo ba kafirci ba ne. Sun mayar da nauyin hujjarsu kan wasu abubuwa biyu: yanke-yanke da ake yi wa wasu wurare, da taimakon da Borno ta bai wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Da zarar ka shimfiɗa shi haka, za ka ga ainihin wurin saɓanin: shin mara wa abokin gaba baya aikin siyasa ne ko na aƙida? Wannan tambaya kaɗai ta isa babi, kuma kana da damar auna wane ɓangare ya fi ƙarfin hujja. Kada ka manta cewa wasiƙun sun iso mana ta hannun Bello, wanda yake ɗaya daga cikin masu jayayyar, ka faɗi haka a kundin.

Mataki na uku shi ne ɗora kowane matani a kan lokacinsa. Malam Abdullahi ya rubuta Diya' al-Hukkam a Kano wajen 1807, bayan ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas saboda ɓacin rai da abin da ya gani na son mulki da dukiya a cikin jama'a, kamar yadda ya bayyana da kansa a Tazyin al-Waraqat. Mutanen Kano suka tsayar da shi suka nemi ya rubuta musu yadda za su gudanar da mulki. Wanda ya san wannan zai karanta tsananin littafin da wata fahimta daban. Wannan ita ce hanyar da Quentin Skinner ya kare a maƙalarsa ta 1969: a tambayi abin da marubuci yake aikatawa da maganarsa a cikin muhawarar zamaninsa. Ka zana jadawalin shekaru mai layi biyu, sama abubuwan da suka faru, ƙasa littattafan da aka rubuta, ka manna shi a bango.

A kula da kalmomin da ma'anarsu ta sauya. "Siyasa" a littattafan fiƙihu na wannan zamani tana nufin dabarar tafiyar da jama'a da hukuncin da shugaba ke zartarwa don maslaha, ba ta da alaƙa da jam'iyya ko zaɓe. Haka shura, bai'a da umma. Ka buɗe ƙamus naka na kalmomi goma zuwa ashirin, kowace da wuraren da ta fito a matanin, ka fitar da ma'anarta daga amfaninta. Kitab al-Farq kuma yana ɗauke da kalmomin Hausa a rubutun Larabci, irin su jangali, kuɗin gari, kuɗin salla da gaisuwa, a matsayin misalan zaluncin sarakuna. Mai jin Hausa yana da fifiko a nan a kan duk wani manazarci na waje, ya yi amfani da shi.

Ra'in bincike da kwatance

Sashe zai nemi ka faɗi ra'in da ka ɗora aikinka a kai. Abin da ke lalacewa a nan shi ne ɗalibi ya ɗauko ra'in yarjejeniyar zaman tare na Hobbes ko Locke, ko ra'in gwagwarmayar aji na Marx, ya rubuta shafi goma a kansa a babi na biyu, sannan ra'in ya ɓace daga sauran kundin. Ko kuma ya tilasta wa matanin ya faɗi abin da bai faɗa ba, har a kai ga cewa Malam Abdullahi ya yi kira ga dimokuraɗiyya don ya ƙi gadon sarauta. Ƙin gado abu ne, zaɓen gama-gari wani abu ne daban. Ra'i mai amfani shi ne wanda ke ba ka tambayoyin da za ka yi wa matani a kowane babi. Rabe-raben halascin mulki na Weber, ko asabiyya ta Ibn Khaldun, ko siyasa shar'iyya ta malaman fiƙihu, duk suna iya aiki idan an faɗi iyakarsu.

Kwatanta Maghili da Machiavelli yana jan hankalin ɗalibai saboda zamaninsu ya yi kusa kuma duk sun yi wa mai mulki nasiha. Ana iya yi, amma sai an fayyace tambaya ɗaya da dukkansu suka amsa, misali yadda mai mulki zai yi da tsoro da kwarjini. Jera kamanni da bambance-bambance a jadawali ba kwatance ba ne.

A bitar ayyukan da suka gabata, akwai waɗanda ba a tsallake su: The Sokoto Caliphate na Murray Last na 1967, kundin Mahmud Tukur na Zariya na 1977 a kan ƙimomi da tafiyar da al'amuran jama'a, aikin Yusufu Bala Usman a kan Katsina na 1981, da littattafan Ibraheem Sulaiman na 1986 da 1987. Waɗannan ba bakinsu ɗaya ba, kuma bita mai kyau ita ce wadda ta nuna inda suka rabu da kuma gefen da kai ka tsaya. A tsara ta bisa matsaya, kada a jera ta marubuci bayan marubuci.

Tsarin bincike da babi-babi

Takardar tsarin bincike da za ka kare a gaban sashe takan kai shafi 15 zuwa 25. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne hanyar gudanar da bincike. A sassan kimiyyar zamantakewa an saba da takardar tambayoyi da ƙididdiga, kuma wani a cikin masu sauraro zai tambaye ka yawan mutanen da za ka tambaya. Amsar ita ce bayananka matani ne. Ka rubuta a fili: waɗanne matani, me ya sa su, daga wane kwafi, yadda za ka tantance sahihancinsu, da matakan karatun da aka bayyana a sama. Ɗalibin da ya kasa kare wannan yakan ƙare da raba takardun tambaya ga mutum ɗari biyu a kan ko Bello adali ne, abin da ba ya amsa komai. Hira da malamai da masu riƙe da littattafan gado tana da amfani wajen gano kwafe-kwafe da yadda ake karantar da matanin, a sa ta a wannan matsayi.

Tsarin babi biyar da aka saba da shi ana iya lanƙwasa shi: gabatarwa, bita da hanya, yanayin zamani da matani, sannan babi biyu ko uku na nazari, kowanne da tambayarsa, sai kammalawa. Tarihin rayuwa kada ya wuce shafi takwas zuwa goma. Babin nazari su ɗauki fiye da rabin kundin. Fara rubutu da babin nazari da ka fi ƙwarewa a kai, ka bar gabatarwa sai ƙarshe, domin sai ka gama ne za ka san abin da kake gabatarwa. Miƙa wa mai dubawa babi ɗaya-ɗaya, ka rubuta ranar miƙawa da gyaran da ya ba ka, ka kuma riƙa sabunta rajista kowace shekara ko da kana fagen bincike, domin tsallake ta na iya jawo matsala lokacin da ka zo kare kundi.

Wajen kawo nassi, sa Larabcin, sa fassararka, sa lambar warƙa da fuskarta, misali 12a ko 12b, da lambar ajiya. Zaɓi tsari ɗaya na rubuta sunayen Larabci da boko ka tsaya a kansa. Kada Abdullahi ya zama Abd Allah a babi na uku. Manhajar Zotero kyauta ce kuma tana riƙe manazarta, fara amfani da ita daga littafin farko. Jami'o'i da yawa yanzu suna tace kundi da Turnitin, manhajar gano satar rubutu, kuma dogayen nassoshi daga fassarorin da aka buga suna ɗaga adadin kamanceceniya. Yin fassararka da kanka yana magance wannan, yana kuma nuna ka karanta asalin. Idan ka yi tahƙiƙin gajeren matani da ba a taɓa bugawa ba, sa shi a rataye. Sau da yawa shi ne abin da masu bincike na gaba za su fi nema a kundinka.

Kare kundi

Kafin zaman cikin gida, gabatar da babi ɗaya a taron ƙara wa juna sani ko ka tura shi mujalla, musamman a digiri na uku inda jami'o'i da dama ke sharɗanta buga maƙala kafin a kira mai jarrabawa na waje. Tambayoyin da za ka fuskanta sanannu ne: mene ne sabon abin da ka kawo, me ya sa waɗannan matani ban da wasu, ta yaya ka tabbatar littafin na wanda aka jingina wa ne, kuma ina raunin hujjar malamin da ka nazarta. Ta ƙarshen ita ce ke kayar da ɗalibai, saboda girman da malaman ke da shi a zukatanmu. Ka tuna su da kansu sun yi wa juna raddi a rubuce, ɗan'uwa da ɗan'uwa, cikin ladabi da hujja, kuma irin wannan ladabin ake nema a gare ka. Shirya amsar kowace tambaya a jimla uku ko huɗu.

Ka shiga zauren da kwafin kundin da ka sa wa alamomi, da hotunan warƙoƙin da manyan hujjojinka suka dogara a kansu, domin mai jarrabawa na iya cewa ka karanta masa layin da Larabci. Ka roƙi wani abokin karatu ya zauna yana rubuta duk gyaran da aka ambata. Bayan zaman, jera gyare-gyaren a jadawali mai nuna abin da aka ce, abin da ka yi, da shafin da yake, ka kai wa mai jarrabawa na cikin gida ya sa hannu kafin wa'adin da makarantar ta ɗiba ya cika, sannan a kai kundin wajen ɗinki.